Baba Ɗauraya da Kwalaben Sista

Shekara goma sha tara ina goge ƙarfe a teburin da ke fuskantar tankin Baba Ɗauraya. Ni ba mai yabon mutane ba ne. Masu daɗin baki da yawa sun shigo masana'antar nan sun fita, abin da suka bar mana shara ce. Amma in aka ce in nuna mutum ɗaya da aikinsa ya fi surutunsa yawa, shi zan nuna.

Aikinmu shafa wa ƙarfe nikel. Kan famfo, mariƙin ƙofa, ƙafar kujera, duk abin da kake gani yana ƙyalli kamar azurfa alhali baƙin ƙarfe ne a ciki. Ni nake goge shi a inji har ya yi santsi. Baba ya rataye shi a ƙugiya, ya tsoma cikin wani ruwa kore shar mai ɗumi, ya sakar masa lantarki. Bayan minti ashirin ya fito da shi yana ɗaukar ido. Daga nan sai ɗauraya, a tankuna uku da ke jere. Ruwan na farko kore-kore ne, na biyu da sauƙi, na uku kuwa garau, kana hango gindin tankin.

A tanki na ukun nan ya samo sunansa. Baba bai yarda da wankin kowa ba. Ko matarsa ce ta wanke cokali ta sa masa a jaka, sai ya tsoma shi a tanki na uku ya girgiza kafin ya kai baki. Kofin shayinsa haka. Tabaransa haka. Ranar da sabon manaja ya miƙa masa biro ya sa hannu a takarda, sai da ya ɗauraye biron.

Da dako ya fara, lokacin da masana'antar rumfa ɗaya ce. Mai tankin wancan lokacin ba ya koya wa kowa, Baba da ido ya ɗauka. Da mutumin ya kwanta rashin lafiya aka rasa mai yi, ya ce a ba shi ya gwada. Shekara talatin da ɗaya ke nan bai sauka ba. Karatunsa bai yi nisa ba, amma da ya kalli kumfar da ke tashi a jikin ƙarfe zai ce wuta ta yi yawa, a je a duba mita a tarar haka ne. Da tankin nan ya reni 'ya'ya biyar. Gidansa ɗaki uku ne a bayan tashar mota, rufin yana yoyo ta kusurwa guda, amma sakatar ƙofa da mariƙin bokiti sai ƙyalli suke. Matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna, takan ce da ita ma ƙarfe ce da ta ga gata.

Hannuwansa kuwa kamar ɓawon itace, tsakanin yatsu duk ƙuraje, kullum yana susa a jikin wandonsa. Ya ce sanyi ne. Safar hannu sai manaja zai wuce yake sa ta, wai da safa ba ya jin ƙarfe.

Wata ranar Alhamis manaja ya tara mu a gaban allon sanarwa. Kusa da shi ga wata nas, gajera, da jaka mai sanyi a kafaɗa. Ya ce mu kira ta Sista. Ta ce fitsarinmu ta zo aunawa. Nikel yana shiga jiki ta hanci da baki, kaɗan ta fata, ƙoda ta tace shi ya biyo fitsari. Daga nan ake gane yawan wanda ya shige mutum a 'yan kwanakin. Akwai iyaka, duk wanda nasa ya haura za a ɗauke shi daga wurin tanki.

"A kai shi ina?" in ji Baba.

"Bakin get," in ji manaja. "Mai gadi ya kusa ajiye aiki. Kujera ce da inuwa, ba wahala."

Direban kamfani ƙanin Inna ne, kuma ba ya ganin Baba ya ƙyale shi. Ya bushe da dariya.

"Yaya, ka samu! Ga kujera, ga rediyo, ga sanda. In na danna hon ka taso da gudu ka buɗe min."

"Ranar da na buɗe maka get ka tabbata fita ce, ba dawowa."

Sista ta ci gaba da bayani. Ranar Asabar, da an tashi aikin mako, kowa ya canza kaya, ya wanke hannu da sabulu, sannan ya yi a kwalba. Ta faɗi wasu abubuwan ma, amma injin iska yana ruri, kuma ni na daɗe da daina sauraren jawabi har ƙarshe. Ta ce tana da wani wurin zuwa ran Asabar, ta bar wa manaja kwalaben, kowace a ƙulle cikin ledarta.

Ran Asabar aka raba mana. 'Yan kwalaben roba ne masu jan murfi. Baba ya yage ledar tasa, ya buɗe, ya shinshina, ya ɗaga ta sama yana leƙe.

"Mai Goge, wa ya wanke wannan?"

Na ce, "A wanke take zuwa, Baba."

"Ka ga mai wankin?"

"Ban gan shi ba."

"To."

Ya tsoma ta a tanki na uku, ya girgiza, ya zubar, ya yarfe. Kar wanda ya ce mun yi wauta da gangan. A wurinmu, abin da ya fito daga tanki na uku shi ne mai tsabta, haka muka tarar, haka muke aiki. Mu biyar muka yi layi muna miƙa masa namu. Direba ya dawo daga kai kaya, shi ma an sa sunansa don a cika takarda, ya cillo tasa.

"Yaya, yi min tawa da kyau, kar a ce fitsarina ya zo da datti."

Bai ma tsaya an yarfe ta ba ya karɓe. Muka canza kaya, muka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, muka cika kwalabe, muna jin mun bi doka sau da ƙafa.

Bayan kwana goma sai ga Sista tana sauri kamar za ta kifa, manaja a bayanta yana share gumi. Ya ce a kashe wutar tanki. Ban taɓa jin wurin ya yi shiru haka da rana ba. Sista ta buɗe takarda ta ce mu bakwai ɗin nan duk mun haura iyaka, ba ƙaramin haurawa ba, irin wanda ba ta taɓa gani ba. Wanda ya fi kowa kuma shi ne Direba.

Direba ya lalubi durom ya zauna. Nan take ciwo ya taso masa ta ko'ina. Ya dafe ƙugu, ya dafe ƙirji, ya ce ai dama kwana biyu yana jin bakinsa na ɗanɗanon ƙusa.

"Yaya, na yafe maka duk abin da ka yi min. Ka riƙe min yara."

"Naka bakwai, nawa biyar. Tashi, ba inda za ka."

Baba yana ba shi amsa, amma idonsa na kan tankin da aka kashe. Ƙugiya ɗaya cike da kawunan famfo tana ciki, aikin bai kai rabi ba.

Sista ba ta yi dariya ba. Ta dubi Direba ta ce, "Malam, kai a ina kake aiki?"

"Cikin mota, ranki ya daɗe."

"Kana taɓa ruwan tanki?"

"Ni? Ko warinsa ba na so."

Ta buga biro a takarda. Sannan ta yi abin da ya sa na fara ganin girmanta. Ba ta tambaye mu yadda muka yi ba. Ta ciro sabuwar kwalba ta miƙa wa Baba.

"Baba, kar ka faɗa min komai. Nuna min abin da ka yi, tun daga yage leda."

Ya yage, ya shinshina, ya leƙa, ya taka zuwa tanki na uku, ya tsoma, ya girgiza, ya yarfe, ya miƙo mata da hannu biyu kamar mai ba da kyauta. Sista ta ɗora hannu a ka.

"Dukanku?"

Muka ce dukanmu.

"Baba, abin da muke nema a fitsari bai fi a ɗebi gishiri da yatsa biyu a watsa cikin tankar ruwa ba. Ɗigo ɗaya na ruwan nan ya isa ya lalata awon."

"'Yata, ruwan nan garau yake."

"Idonka ne ya ce garau. Daga koren can ƙarfen yake fitowa ya shiga nan, ko ba haka ba?"

Baba ya juya ya kalli koren tankin. Ta ce laifin har da nata, bai kamata ta bar kwalaben ta tafi ba. Direba kuwa tuni ya warke, ya miƙe yana kakkaɓe wando yana cewa zai kai ƙarar Baba wurin Inna, ya kusa mayar masa da mata bazawara. Muna cikin dariya Sista ta hango kofi da cokali a kife a bakin tankin.

"Waɗannan fa?"

Muka kalli Baba.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Na zo na tarar."

Asabar ta gaba Sista da kanta ta tsaya a ƙofar banɗakin ofis, tana duba hannun kowa kafin ta miƙa kwalba. Da sakamako ya dawo, Direba ba shi da komai, ni da sauran muna ƙasa da iyaka. Baba ne kaɗai ya haura. Ba kamar na farko ba, amma ya haura, kuma wannan karon ba kwalbar da za a ɗora wa laifi.

Manaja ya ce doka doka ce, get. Sista ta ce irin nikel ɗin da ke narke a ruwa, mafi yawansa ba ya daɗewa a jiki, in an toshe hanyar shigarsa awon yakan sauka. A ba shi mako huɗu. Ba ci ba sha a ɗakin tanki, ba ɗauraye kofi a can, safa da takunkumi tun safe har tashi. In ya sauka ya zauna, in bai sauka ba ita da kanta za ta sa hannu a ɗauke shi. Manaja ya duba kalanda ya ga mai gadi saura mako biyar ya tafi, ya ce ya yarda.

Na zaci Baba zai yi gardama. Ko tari bai yi ba. Washegari na zo na tarar ba kofi a bakin tanki. Ya buga ƙusa a bango kusa da famfon da ke ƙarshen fili, ya rataye sabo a can. Taku ɗari da ashirin ne daga tankinsa, shi ya ƙirga, kuma duk zuwa sai ya sake faɗa mana. Ya tsaya ya bar famfon yana zuba yana hararar ruwan, kamar ruwan ya taɓa yi masa ƙarya.

Makon farko ya sha wuya. Safa ta sa ƙarfe yana suɓuce masa, mariƙin ƙofa huɗu suka faɗa gindin tanki sai da muka kamo su da maganaɗisu. Takunkumi yana turo masa numfashi cikin tabarau, ya daina gani, ya cire ya goge ya mayar yana ƙunƙuni. Rana ta biyar na gan shi ya ɗauki almakashi zai yanke kan babban yatsan safar. Ban ce komai ba, ba ɗana ba ne. Amma Direba ya gani.

Washegari da tsakar rana sai ga Inna da kanta, da kwanon abinci a ɗaure cikin ɗankwali. A shekara goma sha tara sau biyu na taɓa ganin ta a wurin. Ta ajiye kwanon a benci kusa da famfo, ta ɗaga murya.

"Malam, zo nan."

"Aiki nake."

"Ni ma aiki na baro. Zo da safar."

Ya zo. Ta karɓa ta juya ta, ta zura yatsa ta hudar ya leƙo waje. Ta ɗaga mana mu gani.

"Kun ga babanku? Shekara talatin ina wanke masa cokali yana sake wankewa a ruwan guba, wai nawa wankin bai yi ba."

"Ba guba ba ce, nikel ne."

"Sai ka zuba a shayi tunda ɗan'uwanka ne. Ka ji ni da kyau, Malam. In suka zaunar da kai a get, ba kai za ka wahala ba, ni ce. Za ka dawo gida da ƙarfinka ka hau ɗauraye min tukwane kana leƙa min tulu. Ban shirya ba. Miƙo hannu."

Ta tsaya a kansa ya wanke da sabulu, ta ce bai yi ba, ya sake. Direba yana gefe ya buɗe kwanon ya fara kai loma.

"Kai kuma munafuki, wa ya ce da kai aka dafa?"

"Yaya, ladan rahoto ne."

Daga ranar safar Baba ba ta sake hujewa ba. Tunda yatsa ya daina gaya masa ko akwai maiƙo a jikin ƙarfe, sai ya koma wa ido. Ya tsoma ƙarfe a ruwa ya ɗaga a haske. In ruwan ya kwanta luf ya rufe ko'ina, ƙarfen ya wanku. In ya tsattsage ya yi ɗigo-ɗigo, ya koma wanki. Mako na biyu bai ƙare ba ya daina yar da kaya.

Akwai fanka a saman tankin, mai zuƙe tururi ta fitar waje. Shekara biyu tana juyawa ba ta jan komai. Manaja ya yi maganarta a taro huɗu, na ƙirga. Ran Lahadi Baba ya karɓi makulli wurin mai gadi, ya kafa tsani, ya kwance bututun. Tsohon buhu ya samu a ciki da sheƙar tsuntsu. Ran Litinin muka shigo muka ji hancinmu ya daina yaji. Bai gaya wa kowa ba, buhun muka gani a kwandon shara. Tufafin aikinsa ma ya daina kai wa Inna wanki. Ya riƙa wanke su da kansa a famfo ya shanya a waya, duk a cukurkuɗe.

Sau ɗaya kawai ya yi min maganar. Muna tafiya tasha da yamma, mako na huɗu, muka wuce mai gadi yana gyangyaɗi a kujerarsa, rediyo a cinya. Baba ya yi ɗan nisa sannan ya ce, "Mai Goge, in suka kawo ni nan, kar ka riƙa tsayawa gaishe ni. Ka wuce kawai."

Na ce to. Me zan ce? Na dai lura tun daga masana'anta har tasha bai sosa hannu ko sau ɗaya ba.

Aka sake ɗibar fitsarinsa ran Asabar, muka shiga jira. Direba ya ɗauki sabuwar ɗabi'a, duk shigowa sai ya danna hon sau biyu a get ya leƙo yana kiran, "Yaya, atisaye nake!" Baba ya ce Allah ya sa batirin ya mutu a kan gada.

Ranar da takardar ta zo, ƙarfe sha ɗaya na safe, manaja ya aiko a kira Baba ofis. Ya ce a gaya masa akwai kaya a tanki, saura minti goma sha huɗu. Aka dawo aka ce maganar sakamako ce. Ya ce ya sani, saura minti goma sha uku.

Su suka zo. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa, Sista ta ƙaraso har gaban tankin da takarda a hannu. Na kashe injina. Baba bai juyo ba, yana kallon kumfa.

"Baba, ya sauka."

"Ƙasa da iyakar?"

"Ƙasa. Ba da yawa ba, kar ka ce na ce ka gama. Bayan wata shida zan dawo, kuma in ka koma wa halinka takarda za ta faɗa."

"Na ji. Matsa baya, 'yata, ba ki da takunkumi."

Manaja ya fara jawabi a kan yadda kamfani ke kula da lafiyar ma'aikata. Direba ya katse shi, ya ce shi fa an cuce shi, mako huɗu yana gyaran hon a banza, yanzu wa zai buɗe masa get. Sista ta ce ya sauko ya buɗe da kansa, awonsa ya nuna lafiyarsa ƙalau.

Lokaci ya cika. Baba ya kashe wuta, ya ɗago ƙugiyar, kawunan famfo ashirin da huɗu suna zubar da koren ruwa. Ya bi da su tankunan ɗauraya, ya rataye, ya shiga duba su ɗaya bayan ɗaya a haske. A na goma sha bakwai ya tsaya. Ya cire shi, ya tako har teburina ya dangwarar.

"Mai Goge, wannan gugar ta wa ce? Dubi wuyansa."

Na duba. Akwai ɗan zane siriri da na tsallake. Na kunna inji na sake goge shi.